Ƙanena Mai Rina Ƙwayoyin Cuta

Shuni muke ce wa ƙanena, don yatsunsa ba sa rabuwa da rini. Tun yana saurayi yake aiki a ɗakin gwaji na wani asibiti, yana shafa majina a gilashi, ya rina, ya leƙa ta madubin ganin ƙwayoyin cuta. Ni na koya masa haɗa baƙi. Ni ne kuma malamin kimiyyar gidanmu, har alli ya cinye min murya.

Da 'yata ta kai ajin ƙarshe a jami'a, aka ba ta bincike kan bangon ƙwayar cuta. Na ce madalla, rana ta zo. Na zana mata shi a allo: sukari iri biyu masu ɗauke da sinadarin naitirojin, wannan na bin wancan a jere, an ɗaure layukan da juna kamar saƙar tabarma. Wallahi zanen ya yi kyau. Ita kuwa sai hamma.

Kwatsam Shuni ya ja ta wurin aikinsa, na bi su ba a gayyace ni ba. Ya ɗauko kwalba mai ruwa gurɓatacce, cike da ƙwayoyi, ya fasa ƙwai, ya ɗiga farin a ciki.

"Zuba ido, 'yata," in ji shi. "Akwai abin da ke cikin farin ƙwai, yana yanke mahaɗar sukarin nan biyu. Bango ya tsinke, ƙwaya ta fashe."

Ruwan ya fara washewa a hankali. Yarinyar nan ta dafe baki. "Kai, Baba Ƙarami! Yau na gane!"

Yau! Ni duk me nake yi? Kishi ya turnuƙe ni, ba zan ɓoye ba.

Ranar da za ta kare bincikenta, mutum ɗaya aka yarda ya shiga zauren daga kowane gida. Na aske gemu, na goge takalmi, ina jiran ta furta cewa ni zan je.

Da safe aka ƙwanƙwasa ƙofa. Shuni ne, yana sosa ƙeya.

"Yaya, yarinyar nan ta matsa sai na je. Ba ni da rigar kirki. Ko za ka ara min kwat ɗinka?"

Na ciro masa. Har wuyan na gyara masa da hannuna. Kwat ɗin ta zauna masa cif, ta ma fi yi masa kyau.