Ya Kellu Mai Filasko da Bidon Asibiti

Duk wanda cikinsa ya taɓa ɗaurewa a unguwar Birni ya san Ya Kellu. A ƙofar gidanta take sayar da filasko, ganyen nan mai sakin ciki, tana haɗa shi da tsamiya yadda ta gada daga kakarta 'yar Barno. Gajeriya ce, amma muryarta har ƙarshen layi. Ni maƙwabciyarta ce, kuma na sha faɗa da ita a kan taurin kai.

Bara ta fara ganin jini in ta zaga bayan gida. Ta ɓoye har ta rame, sai da 'yarta Rahama ta ja ta asibiti da ƙyar. Lokotoro, wato likita, ya ce sai an zura siririyar kamera an gano inda jinin ke fitowa, kuma sai hanjin ya fita fes tukuna. Iri biyu ya nuna mata: wani ɗan ƙunshi mai ɗanɗanon lemo, da wani gari mai gishiri-gishiri da ake kaɗawa a bido guda na ruwa, wato jarka.

"Ba ni ƙaramin," in ji ta.

"Hajiya, ƙodarki ba za ta ɗauke shi ba. Babban ne naki."

"Yaro, ni za ka koya wa wankin ciki?"

Tana dawowa ta cusa garin ƙarƙashin gado. Ta dafa filaskonta mai kauri ta sha, ta bi shi da fura don kada jiri ya kwashe ta. Ranar randebu, wato ranar da asibiti suka sa mata, aka shiga da kamera, ba a ga komai ba sai dusar gero. Aka sallamo ta, jini kuma bai tsaya ba.

Unguwa ta samu abin yi. Dodo mai goro ya ce ashe maganin bai wanke mai shi ba. Matan zaure suka ce ina mace mai jikoki ina yarda a leƙa ta, gara ta rufa wa kanta asiri. Wallahi raina ya ɓaci, don na ji tsoron za ta biye musu ta zauna a ɗaki har ta mutu.

Ashe ban gama saninta ba. Ana gobe sabon randebu ta fito da bidon ƙofar gida, ta dire shi kusa da tiren filasko, ta cika moɗa.

"Ku zo ku kalla!" ta ce. "Nawa sakin ciki yake, wannan wankewa yake har ya fito kamar ruwan randa. Ba daɗi, ko jaki ba zai sha ba. Amma sai na ga abin da ke cina, in ya so kunyar ta kashe ku."

Ta wuni tana sha tana yamutsa fuska, tana shiga gida da sauri tana fitowa. Ko loma ba ta kai baki ba.

Wannan karon kamera ta gani. Wani tsiro ne kamar ƙwallon magarya, aka cire shi nan take. Lokotoro ya ce da an ƙara jinkiri, yana iya rikiɗa ya zama ciwon daji. Rahama ta fashe da kuka.

Ya Kellu ta ce a miƙo mata kwalbar da aka sa shi. Ta ɗaga ta, ta daɗe tana kallonsa.

"Kai ne za ka kai ni kushewa?" ta ce. "To, ba bana ba."