Motar Baba Bayan Takaba

Ran da aka kai Baba makwancinsa, da hannuna na rufe motarsa da tamfol. Tsohuwar mota ce baƙa, doguwa, irin ta manyan ma'aikatan da. Ya saye ta a hannu shekarar da ya bar aikin ƙaramar hukuma a Tambuwal. Tana da wani gurnani mai kauri, tun daga kan kwana Inna take gane shi ta aza ruwan alwala.

Saboda wannan ƙarar babu wanda ya tada ta. Ba mu yi shawara ba. Kowa dai ya san Inna tana ɗaki tana takaba, kuma garejin bango ɗaya ne da ɗakinta. Makullin ya zauna a aljihun rigar Baba.

Saura kwana uku ta fita, ta kira ni. Ta ce za ta koma Kebbe wurin yayanta, kuma a motar nan take so a kai ta. Tun rasuwar ba ta nemi komai ba sai wannan.

Na murɗa makulli, shiru. Na je na ɗauko tsohon makaniken Baba. Ya ɗaga bonet ya daɗe yana kallo. Ɓeraye daga rumbun gero sun yi sheƙa a gefen injin, sun ci wayoyi. Batir ya mutu. Fetur ɗin tanki ya yi ja, yana wari.

"Wata fuɗu ba ku tashe ta ba?" in ji shi. "Kai yaro, ita ma takabar kunka sa ta?"

Na faɗa masa dalili. Ya cire hularsa ya mayar, bai ƙara tsokana ba.

Kwana biyu muka yi a kanta. Ya zuƙe tsohon man, ya wanke filogi, ya ɗaure wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Famfon mai ne ya ƙi, sai da ya ƙwanƙwasa shi da ƙotar sukudireba. Da motar ta kama, rawa take yi, hayaƙi ya cika gidan. Na dubi labulen Inna. Bai motsa ba.

"Za ta kai Kebbe?" na tambaye shi.

"In ka bi ta sannu. Tsohuwa ta, ba ta son gaggawa."

Da hantsi muka tashi. Inna ta zauna a gaba, hannunta kan gwiwa. Sau biyu motar ta mutu, sau biyu na buɗe bonet na ƙwanƙwasa famfon kamar yadda na gani. Wajen azahar muka tsaya a ƙofar gidan kawu.

Ba ta sauka nan take ba. Ta bari injin ya yi ta aiki, har mata suka fito tarbarta suka tsaya suna jira. Sannan ta ce in kashe.

"Ka riƙa tashin ta ko ran Juma'a," in ji ta. "Yanzu ba ni nan balle in ji."