Puih Dol da Muryar Plei Kning

Puih Dol bai taɓa iya rawa ba, waƙa kuwa in ya fara har karnuka tashi suke su bar wurin. Amma duk tsaunukan ƙabilar Jarai, in cing, wato fayafayan tagullar da suke kiɗa da su, ya ɓata murya, shi ake aika wa. Shekara arba'in yana yawo da 'yar gudumarsa a jaka, yana ƙwanƙwasa fayafayan tagullar nan har su dawo hayyacinsu. Kunne irin nasa, gaskiya, ba a cika samu ba.

Saura kwana uku bikin sallamar kabari, inda ake yi wa mamaci bankwanan ƙarshe, mutanen ƙauyen Plei Kning suka kira shi. Bara an kai cing ɗinsu birni wasa, wani ya daidaita su da kayan kiɗan can. Suka dawo da daɗin sauraro, amma ba da muryar ƙauyen ba. Siu H'Nhem, tsohuwar da za a sallami marigayi mijinta, ta ce sam.

"Da wannan za ku raka shi? Ai sai ya zaci baƙi ne, ya ƙi tafiya."

Kowane ƙauye da nasa sautin, Dol kuwa bai taɓa jin na nan ba. Tsofaffin makaɗa sun mutu, samari kuwa sabon sautin ya riga ya zauna musu a kunne. Abin ya dame shi ƙwarai, sai ya tambayi tsohuwar.

"Iya, kin tuna yadda yake?"

"Ni makaɗiya ce aka ce maka?"

Washegari ya ji ta tana dakan shinkafa tana wani guna-guni ta hanci, ita kanta ba ta san tana yi ba. Ya tsaya cak, don ya gane tsohon sautin ƙauyen ne. Ya sa aka kwaso cing duka aka jere gefen turmi.

"Ci gaba da dakanki, Iya."

"Kai, tsohon banza, shinkafar ƙauye duka zan daka maka?"

"In ta ƙare mu aro ta maƙwabta."

Kwana biyu suna haka. Ta yi guna-guni, ya ƙwanƙwasa, ya buga, ta yamutsa fuska, ya sake. Hannunsa ya kumbura, bai ko kula ba.

Ranar biki da safe samari suka rataya cing suka buga. H'Nhem ta daɗe tana saurare, sannan ta share ido da gefen zani.

"To, ku kai masa," ta ce. "Amma ku buga a hankali. Ƙafarsa ta hagu ba ta da ƙarfi."