Kafin a Yaga Jaridar Ƙosai

A gidan hayar da na tashi a Makera, murhun Inna Delu ne yake riga na kowa kamawa, kuma shi ne na ƙarshen mutuwa. Kakata ce ta wajen uba. Ƙosai take soya wa ma'aikatan masaƙar Kakuri masu shiga aikin safe, don haka kullum bayan magariba tana tsakar gida: ta jiƙa wake, ta ɗora ruwan zafi, ta jawo tulin tsofaffin jaridu tana yagawa gida huɗu-huɗu na naɗe ƙosan gobe. A nan muke kewaye ta, ni da 'ya'yan maƙwabta, hannunta na aiki, bakinta na tatsuniya. Takan yi gyaran murya ta ce, "Ga wata nan ta taso," mu kuwa mu ce ta ƙaraso mu gan ta.

Ina aji shida na firamare a shekarar da sojoji suka ce za su miƙa mulki ga farar hula. Gari ya cika da motocin 'yan siyasa da lasifika, amma ni damuwata daban. Baba, wanda shi ma a masaƙa yake aiki, ya faɗa min magana ɗaya, kuma shi ba mai maimaita magana ba ne. In na ci jarrabawar shiga makarantar 'yan mata ta gwamnati, zai saya min akwati in tafi. In na faɗi, ƙanwarsa da ke Tudun Wada tana da keken ɗinki biyu, ɗaya ba kowa a kai. Ba raina ɗinki na yi ba, amma makaranta nake so, so irin wanda ke hana ni cin tuwo.

Lissafi bai taɓa ba ni wahala ba. Turanci ma a ganina na gama da shi. Malam Audu yakan rubuta mana kalmomi ashirin a allo kowace rana, da ma'anarsu da Hausa, mu kwafa. Ni da na saba da hadda tun makarantar allo, sai na riƙa biya su yadda ake biya karatu, ina rerawa ina kaɗa kai. Kafin wata uku na cika littafi biyu. Inna Delu ta sa min suna Baturiyar Makera don tsokana, ni kuwa na amsa sunan da gaske.

Sai ranar da Malam ya yi mana gwaji. Bai tambayi ma'ana ba, cewa ya yi mu sa kalmomin cikin jimla. Na zo rubuta shan magani na sa "drink medicine," ruwan sama mai ƙarfi na ce "strong rain," haka na bi su ina ɗora Turanci a kan Hausa. Takardar ta dawo jawur da biro, uku cikin ashirin. Malam ya ce kowace kalma daidai take ita kaɗai, amma masu harshen ba haka suke haɗa su ba. Na tambaye shi yaya zan san wadda ke tafiya da wadda, ya ce sai da sabo. Jarrabawa saura wata huɗu, a ina zan samo sabo?

Na kai wa Inna Delu ƙara ina kuka, na ce Malam ya zalunce ni. Ta saurara har na gama, ta ci gaba da aikinta. Da yamma na koma gefe da littafina ina rera kalmomin da ƙarfi fiye da kullum, don haushi. Ita kuwa ta yi gyaran muryarta.

Ta ce an yi wani saurayi, Tanko, da yake so ya zama mai dafa wa fatake abinci a hanya. Aka ce masa ya je wani gari wurin wata tsohuwa da ta iya girki, ya zauna ya koya. Da ya isa garin sai ya ga kasuwa, ya ce me zai kai shi shan hayaƙi. Ya bi rumfa-rumfa yana tambayar sunan kowane kayan miya: wannan kuka, wannan kanwa, wannan daddawa, ga citta, ga masoro, ga tsamiya, ga zuma. Kwana uku ya haddace su tsaf, ya koma gida. Madugu ya gwada shi, duk abin da aka ɗaga sai ya faɗi sunansa, har da garin da ake nomansa. Aka ɗauke shi ana murna. A zangon farko ya ɗora tukunya, ya kaɗa kuka ya zuba mata zuma, ya dama fura ya marmasa mata daddawa. Fatake suka kwana da yunwa. Aka miƙa wa jaki ragowar, ya sansana ya juya baya. Gari na wayewa ayari ya wuce, aka bar Tanko a zango da tukunyarsa.

Yara suna ta dariya, ɗaya ya tambaya me ya sa, alhali ya san komai. Inna Delu ta ce, "Ya san sunan kowa. Bai san wa ke shiri da wa ba." Ta karkaɗe zaninta ta ce ta sauke tatsuniyar a nan, mai so ya ɗauka.

Na san da ni take, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Na miƙe na ce mata ita da ko harafi ɗaya ba ta sani ba, me ta sani game da Turanci. Har yau ina jin kunyar wannan maganar. Ba ta yi fushi ba. Ta ɗago jaridar da ke hannunta ta tambaye ni ko rubutun da ke jikinta Turanci ne, na ce e. Ta tambaya ko masu iyawa ne suka rubuta, na ce e mana.

"To, ga tukunya a gidanku kina yawon kasuwa," in ji ta. "Daga yau ba na yaga ko ɗaya sai kin karanta min ita."

Haka kuwa aka yi, kuma ba da wasa ba. Kullum da yamma sai ta miƙo min shafi, in karanta a fili a hasken fitilar ƙwai, ita tana jira da hannu a buɗe. Ba ta jin ko kalma, amma tana jin inda na yi tuntuɓe, sai ta ce in koma. Washegari da kanta ta ja ni ɗakin Mama Saratu, maƙwabciyarmu 'yar Zonkwa da ke buga tafireta a wani ofis, ta ajiye mata kwanon ƙosai ta ce ga jikarta nan ta kawo. Mama Saratu ta duba littattafaina biyu ta ce in ajiye su. Ta sa na buɗe sabo, da sharaɗin kada in ƙara rubuta kalma ita kaɗai. Duk wadda na tsinta a jarida sai in kwafo ta da wadda ke gabanta da wadda ke bayanta. A haka na ga magani "take" ake yi masa, ruwan sama kuma "heavy" ake ce masa. Ranar da na gaya wa Inna Delu cewa kalmar da suke sa wa ziyara ita ce ta biyan kuɗi, "pay a visit," ta ce daman ta san mutanen nan ba su da zumunci.

Abin ya jawo mata aiki. Karatuna na jan lokaci, takardar naɗi ba ta isa, wasu ranakun a hannu take zuba wa ma'aikata ƙosai da zafinsa suna mita. Ta ce musu su yi haƙuri, jaridar tana makaranta.

Na ci jarrabawar rubutu, aka kira ni ganawa da baki. Abin da ba wanda ya yi tunani shi ne, jaridun lokacin babu komai a ciki sai zaɓe. Da shugabar makarantar ta tambaye ni da Turanci me ya sa nake son zuwa, sai na miƙe tsaye na yi mata alkawarin zan cika alkawari, zan bauta wa jama'a, zan kawo ci gaba ƙauyuka. Malaman da ke zaune suka fashe da dariya, na ce a raina shi ke nan, sai keken Tudun Wada. Shugabar ta tambayi inda na koyi wannan Turanci. Na ce a jikin takardar ƙosan kakata. Ta yi rubutu ta sallame ni. Bayan mako biyar takardar ɗauka ta zo, Baba ya sayo akwati.

Ranar da zan tafi na je yi wa Inna Delu sallama, na same ta da tulin jaridunta. Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, Baturiya. Yau dai zan yaga abina ba mai riƙe min hannu."

Shekara talatin na yi ina koyar da Turanci, kuma ban taɓa rubuta wa ɗalibi kalma ita kaɗai a allo ba. Na daɗe ina ɗauka wannan ne duk abin da na samu a wurinta. Sai da nawa 'ya'yan suka fara tafiya makarantar kwana na lura da abin da ban gani ba a lokacin. A cikin jikokinta ni kaɗai ce a gidan, ni nake kwana ɗakinta, ni nake zura mata zare a allura. Ta san sarai in na faɗi, Tudun Wada ce, kullum da yamma ina gida. In na ci kuwa sai hutu. Duk da haka wata huɗu tana riƙe da shafi tana cewa in koma in sake. Ta rasu ina aji biyu, ana tsakiyar zangon karatu. Ban taɓa yi mata godiya ba, domin a lokacin gani nake ƙoƙarina ne.