Harlan Breckett, Kocin da Yake Kai Ƙara Wajen Uwa

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi Harlan Ottis Breckett a shekarar 1941 a garin Demopolis na jihar Alabama, ɗa ga Virgil Breckett, ma'aikacin injin katako, da matarsa Eula, wadda ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, ba a kuma taɓa ganin ɗanta ya tsallake maganarta ba. Ya buga ƙwallon Amurka tun yana sakandare, har raunin gwiwa ya raba shi da fili a 1962, ya koma horarwa.

Aure da Aikin Jami'a

A 1966 ya auri Darlene Sikes, malamar firamare. A 1974 aka naɗa shi babban kocin wata jami'a a jihar tamu, inda ya shafe shekara ashirin da ɗaya, ya ɗauki kofin yanki sau biyar. Bai taɓa ɗaukar yaro a ƙungiyarsa ba sai ya je gidansu ya ci abincin mahaifiyarsa, ya yi mata alkawarin dawo mata da ɗanta da digiri. Wanda ya makara atisaye kuwa, ba zagi ba tsawa, Koci zai ɗaga waya ne kawai ya kira gida. Ƙatti da dama sun zubar da hawaye a ofishinsa.

Ƙungiyar Ƙwararru

A 1995 wata ƙungiyar ƙwararru a arewacin ƙasar ta ɗauke shi, duk da gargaɗin masana cewa wanda ya saba da 'yan shekara sha takwas ba lalle ya iya da magidanta ba. Darlene ma ta ce masa, "Harlan, waɗannan fa ba yaranka ba ne, iyayen wasu ne." Ya yi kunnen ƙashi.

A farkon kakar wasa, kaftin ɗin ƙungiyar, Roscoe Tillery, mai shekara talatin da huɗu da 'ya'ya uku, ya makara, Koci ya kira mahaifiyarsa Odessa a Memphis. Washegari Tillery ya miƙe a gaban 'yan wasa ya ce, "Koci, 'yata na kai asibiti. Da ka tambaye ni ai da ka ji. Ko na yi maka kama da ɗan makaranta ne?" Nan take Koci ya nemi gafara, amma daga ranar 'yan wasan suka daina ɗaukar maganarsa, jaridu suka laƙaba masa Sarkin Kai Ƙara. An sallame shi a 1996. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, domin sunan da ya gina da guminsa ya zama abin barkwanci.

Shekarun Ƙarshe

A 1998 ya karɓi aiki a wata ƙaramar kwaleji a jiharmu, ana raɗe-raɗin ba wanda zai sake damƙa masa ɗansa. A 2001 sai ga Tillery a ƙofar ofis da ɗansa Terrell. Ya ce, "Ga amana, Koci. In ya makara, fara tambayarsa dalili. In ba shi da shi, kira kakarsa, ni ba ya tsorona." Terrell ya kammala digiri a 2005, mu 'yan jihar kuwa har gobe muna alfahari da wannan rana. Koci ya yi ritaya a 2011.

Rasuwa

Ya rasu ranar 9 ga Maris, 2019, aka binne shi a maƙabartar cocinsu da ke Demopolis, Roscoe da Terrell Tillery suna cikin masu ɗaukar akwatin gawar. Ya bar matarsa Darlene, da 'ya'ya uku, Wendell, Joanne da Lorena, da jikoki bakwai. Iyaye matan tsofaffin 'yan wasansa ne suka cika layukan gaba na cocin, Odessa Tillery a tsakiyarsu kan keken marasa lafiya. Ba ɗan wasa ko ɗaya da ya makara.