Filashin Inna Rabi

A gyara zama, a tuɓe takalma! Ga Ministar Tumatir ta Jigawa da kewaye, wadda ba a zaɓa ba, ba a rantsar ba: Inna Rabi, mai girki a gidan wani Alhaji a Nassarawa GRA.

Shekarar da A Daidaita Sahu ta fara yawo a titi, Hajiya ta ba ta tsohuwar waya don a riƙa nemanta in ta tafi cefane. A ƙauyensu kuwa, can bayan Haɗeja, waya ɗaya ce tal, tana rataye cikin safa a ƙololuwar tsamiya, don nan kaɗai sabis yake sauka. Kullum da safe in direba Ja'afaru ya kai ta kasuwar 'Yankaba, sai ta leƙa kwanduna ta yi wa ƙaninta Zubairu filashin. Sau ɗaya, a loda mota, Kano na nema. Sau biyu, a yanka a shanya. Da wannan ƙara kawai, ba kalma ko guda, gari ya daina zubar da tumatir a bola, har gidaje suka fara rufin kwano. Ikon Allah!

Wata Talata ta tarar kasuwa ta cika maƙil, tumatir na tsiyaya a ƙasa. Ga Zubairu ya tsinke gonarsa kaf, mota na jira. Ta danna sau ɗaya, kafin ta yi na biyu batir ya mutu. Sau ɗaya fa!

"Ja'afaru, ba ni wayarka."

"Inna, kati na minti biyu ne, na budurwata ne!"

"Budurwar uwaka. Kawo."

Ba filashin ta yi ba, kira ta yi, abin da ba a taɓa yi wa tsamiyar nan ba. Safa ta yi ta ruri har Zubairu ya ajiye kwando, ya ɗare bishiya yana haki.

"Kada ka loda! A yanka!" in ji Inna Rabi.

Da damina ta faɗi ɗanyen tumatir ya ɓace, busasshen Zubairu har layi aka yi masa.

Ja'afaru ya shiga kicin ya durƙusa. "Ranki ya daɗe, da yatsa ɗaya kike juya kasuwar jiha biyu! Wallahi gwamna ya kamata ya san ki."

Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Tashi, ka zauna mini a kan albasa."