Mutumin da Ya Hana Ni Siminti

Ran Litinin da hantsi farar motarsa ta kaya take shigowa harabar gidan, bayan ta sha tafiyar awa biyu daga Birmingham. Baba Dalyop ba ya sauko da ko guduma. Sai ya fito ya miƙe ƙugu, ya cire safar hannu, ya bi bango yana ɗora masa tafin hannu kamar mai duba zazzaɓin yaro. Ya zagaye ginin ta waje, ya shiga ciki ya sake zagayewa. Sai ya gama sannan ya zauna a bakin ƙofa, ya buɗe filas ɗin shayi da kwanon gwaten accar da matarsa, Mama Celestina, ta zubo masa, ya gaya maka aikin makon. Sau da yawa aikin shi ne a ƙyale bangon ya huta. Ran Juma'a da la'asar ya kama hanyar gida. Haka ya yi shekara biyu da 'yan watanni a wurina, kuma da farko babu ranar da wannan zagaye nasa bai ƙona mini rai ba.

A watan nan ya ajiye aiki yana da shekara sittin da takwas, gwiwoyinsa sun ce sun gaji. Babu jaridar da za ta buga, babu wanda zai rataya masa lamba. Shi ya sa na ga ya kamata mutanenmu na Manchester da Birmingham su san ko wane ne tsohon nan da suke gani a wurin suna da biki, mai farar ƙura a cikin farce.

Mutumin Filato ne, Birom, daga wani ƙauye kusa da Bukuru. A hannun mahaifinsa ya koyi sassaƙar dutse. Ya zo ƙasar nan tun yana da baƙin gashi, ya yi shekara ashirin da wani abu a wani kamfani mai gyaran tsofaffin coci-coci da gadoji. Da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, kwangilar gyara ta ƙafe, kamfanin ya rufe, aka bar shi da mota da kayan aiki da 'ya'ya biyu a jami'a.

Wannan tsuke bakin aljihun da ya raba shi da aiki, shi ne ya ba ni gida, in dai za a kira abin da na saya gida. Tsohon gini ne na dutse a bayan garin Manchester, mai hasumiya da zankwaye a kan rufi, wanda wani attajirin auduga ya gina kusan shekara ɗari biyu da suka wuce don a ce shi ma yana da fada irin ta sarakunan da. Ya daɗe yana ofis a hannun kansil, wato ƙaramar hukuma, daga baya aka rufe shi, tantabaru suka gaje shi. Da kansil ta rasa kuɗin kula da shi sai ta yi gwanjonsa, ni kuwa na ɗaga hannu. Kafin mako ya zagayo abokaina a masallacin Old Trafford sun naɗa ni Sarkin Kango.

Ba son girma kaɗai ya kai ni ba, ko da yake ba zan rantse cewa babu shi a ciki ba. A lokacin muna zaune a wani fulat na ƙasa a Whalley Range, ɗaya daga cikin manyan gidajen nan da aka yayyanka. Bangon ɗakin 'yarmu Rabi'a baƙi ƙirin yake da fumfuna, a goge yau ta dawo jibi. Shekararta bakwai, tana da asma, kuma kowane lokacin sanyi sai mun kwanta asibiti. Likita ya gaya wa matata Ramatu ƙarara cewa muddin yarinyar nan tana shaƙar danshin ɗakin, magani taɓa ka lashe ne kawai. Na yi wa Ramatu alkawarin wata shida mu tare a gida busasshe. Ni injiniya ne, hanyoyi da gadoji nake yi, siminti ne abincina. A lissafina, a toshe rufi, a yaɓe bango, a shafa fenti, shi ke nan.

Ranar da aka haɗa ni da Baba Dalyop ya zo ya ga ginin, ya ƙwanƙwasa bangon da ƙotar wuƙa, ya kasa kunne.

“Injiniya, wa ya sa wa gidan nan rigar leda?”

Na ce ban gane ba.

“Simintin nan da aka yaɓa masa shekarun baya. Dutsen nan yana shan ruwa, yana fitarwa, haka aka gina shi. An zo an toshe masa jiki. Ruwa yana shiga ta sama, ba ya samun hanyar fita. Shekara arba'in yana gumi a ciki.”

Ya ce za a kankare simintin kaf, ciki da waje, a gyara rufi da indararo, sannan a jira. Bango yana bushewa ne wajen inci ɗaya a wata, kaurin wannan kuwa ƙafa biyu ne babu kaɗan, yana bushewa ta fuska biyu. Shekara guda ke nan. Bayan nan a yaɓe shi da farar ƙasa irin ta gini, a kwaɓa da yashi da gashin akuya, hawa uku, kowane hawa sai ya sha iska.

“Gashin akuya, Baba? A Ingila?”

“A Ingila. Su ma kakanninsu ba da siminti aka haife su ba.”

Na yarda da baki, zuciyata ba ta yarda ba. Wata bakwai ya yi yana kankara da guduma da kurfi, a hankali, don kada ya ji wa dutsen ciwo. Ni kuwa ina ganin kwanaki suna tafiya. Sanyi ya shigo, Rabi'a ta sake kwanciya kwana huɗu a asibitin da ke Oxford Road. Ramatu ba mai yawan magana ba ce, amma a bakin gadon ta dube ni ta ce, “Sunusi, wata shidanka nawa ne a shekara?”

Washegari na same shi a wurin aiki na sauke masa duk abin da ke cikina. Na ce 'yata tana neman numfashi shi yana nan yana shafa bango. Ya bar ni na gama.

“Bangon nan bai san kana da 'ya ba, Injiniya. Ba zai yi sauri dominta ba. Amma ni na sani. Ba ni address ɗin flat ɗin.”

Abin da ya biyo baya Ramatu ce shaida, ni ina ofis. Ta ce ya zo da tsani, ya hau bayan gidan cikin yayyafi, ya tarar indararon ya toshe da ganye ruwa yana bin bango, ya tarar an liƙe ramin shan iskar ɗakin da jarida da filasta. Ya share, ya buɗe, ya janye gadon yarinyar daga jikin bango, ya sa ta ta kira mai gidan hayar a waya ya yi masa bayani da Turancinsa na magina har mutumin ya ji kunya ya aiko a gyara tagar. Ta kawo masa abinci ya ci, ta kawo maganar lada ya ce ta bar shi ya tafi da sauran miyar kuka, Mama Celestina ta daɗe ba ta sha ba. Fumfunar ba ta tafi duka ba, amma ta ja baya.

Da mai hankali ne ni, da na tsaya a nan. Amma da Kirsimeti ta zo ya tafi hutun mako biyu, sai shaiɗan ya raɗa mini cewa ɗaki ɗaya ai ba wani abu ba ne. Na samo masu aikin kwana uku, muka yaɓe ɗakin hasumiya, wanda na zaɓa wa Rabi'a, da siminti, muka bi shi da fentin da ba ya shan ruwa. Ya yi kyau, sumul. Na ɗauki hoto na tura wa masu kirana Sarkin Kango.

Da ya dawo ya shiga ɗakin, ya ɗora hannu a bango, ya fito. Na so ya yi faɗa don in samu abin kare kaina. Bai yi ba. Kafin ƙarshen Maris fentin ya kumbura, kusurwoyi sun yi baƙi, ɗakin ya ɗauki warin nan da na sani sarai, warin ɗakin Whalley Range. Na tsaya a tsakiyarsa na ji tsoro ya kama ni, domin da hannuna na sake gina wa 'yata abin da nake ƙoƙarin fitar da ita daga cikinsa. Sauri ya haifi nawa.

Ya shigo ya same ni a tsaye. Ya miƙo mini guduma da kurfi.

“Wanda ya ɗaura shi yake kwancewa. Zan nuna maka yadda ake riƙewa.”

Asabar bakwai na yi ina kankare simintina, shi kuma ya fasa komawa Birmingham ran Juma'a don ya tsaya a kaina. A ɗaya daga cikinsu, muna hutawa, ya tambaye ni ko gidanmu na Zariya na ƙasa ne. Na ce da can na ƙasa ne. Albashina na farko a ƙasar nan na aika aka yi wa zauren kakana filastar siminti, don a daina cewa gidan su Sunusi na laka ne. Damina ta biyar ya rufta. Mun ce tsufa ne.

Ya dube ni, ya ci gaba da shan shayinsa. A ranar na san abin da ya kashe zauren da ya yi shekara tamanin ana yi masa yaɓe da makuba yana tsaye. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba. Mu da muka yi boko mun tashi da cewa siminti ci gaba ne, laka talauci ce, har muka tsallako teku da wannan karatun.

Akwai wata Baturiya, Catherine, jami'ar kansil mai kula da gine-ginen tarihi. Da su biyar ne a ofishinsu, rage ma'aikata ya bar ta ita kaɗai. Ginina yana cikin waɗanda doka ta hana a taɓa sai da izini, kuma simintin nan ba ya cikin izinin da ta ba ni. Ta zo duba aiki ta tarar da rabin bango da siminti, ni kuma fari fat da ƙura. Ta tambayi Baba Dalyop me ya faru. Ya ce mata, “Mai gida ya yi gwaji bai yi ba, ga shi yana cirewa da hannunsa.” Bai yi ƙarya ba, bai kuma tona ni fiye da haka ba. Ta dube ni, ta dube shi, ta ce za ta dawo bayan wata biyu. Daga baya ita ce take kawo ɗalibai su ga yadda yake kwaɓi.

Baba, kai ne maginin da yake sauraron bango kafin ya taɓa shi. Kai ne ka ga mai digiri biyu yana shirme, ka ƙi wulaƙanta shi, ka bar bango ya koya masa. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Ni dai a wurinka na ga an yi, da idona.

Mun tare a bazarar shekara ta uku. Ba fada ba ce, gida ne. Hasumiyar da attajirin auduga ya gina don a hango shi daga nesa, a ƙasanta Ramatu take shanya kaya. Rabi'a ta shiga ɗakinta, ni kuwa na yi wannan lokacin sanyi na farko ina kasa kunne ko zan ji tari. Ya wuce ba mu je asibiti ba. Na biyu ma haka. Ba na cewa bango ya warkar da asma, likitoci sun yi nasu, Allah kuma shi ne mai sauƙi. Amma na san abin da ta daina shaƙa.

Ran Asabar da ta wuce 'yan cocinsu suka yi masa ɗan taron sallama a Birmingham. Muka je mu uku. Shi da ya mayar da kangaye da dama gidaje, har yau a hawa na goma sha ɗaya yake zaune, a fulat ɗin kansil, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi a kai ba. Mutane suka kawo agogo da barguna. Da aka zo kanmu, Ramatu ta buɗe jaka ta ciro 'yar shuɗiyar inhelar Rabi'a, abin shaƙar maganin asma, wadda a da ba ma fita ko bakin titi sai da ita, ta ɗora masa a tafin hannu.

“Baba, a durowa na tsince ta jiya. Ka duba date ɗin. Ta yi expire, kuma a cike take.”

Ya juya ta, ya matso da ita kusa da ido, ya daɗe yana kallo. Sannan ya sa ta a aljihun gaban rigarsa ya ɓalla maɓalli. Mama Celestina ce ta yi kukan a madadinsa.

Mun gode, Baba Dalyop, ni da Ramatu da Rabi'a. Allah ya ba gwiwoyin nan sauƙi, ya sa 'ya'yanka su yi maka abin da ka yi wa 'ya'yan mutane. Ku kuma 'yan uwana likitoci da injiniyoyi da akantoci, mu yi koyi da shi a namu ayyukan: mu faɗa wa mutum gaskiya ko ba ya so, mu kuma tsaya mu taya shi ɗaukar nauyinta. In kuma Allah ya haɗa ku da mai farar ƙura a farce ya ce ku jira, ku mayar da takardunku aljihu ku jira. Ni ban jira ba, kuma 'yata ce ta biya da ƙarin wata uku a ɗakin danshi.